Hayar Doki da Aronsa a Ƙasar Mafara, Bakura da Maradun

A ƙasar nan da Gulbin Sakkwato ya ratsa, tun daga Maradun har ya gangara ta wajen Talata Mafara da Bakura, akwai wani al'amari da masu rubuta tarihi ba su cika tsayawa a kansa ba, domin hankalinsu ya fi karkata ga sunayen sarakuna da lissafin yaƙe-yaƙensu, watau cewa da yawa daga cikin mutanen da suka ɗaura sirdi a zamanin da, ko don yaƙi, ko don tafiya, ko don hawan Salla, ba su ne masu dawakin da suka hau ba. Mai doki daban, mahayi daban, abin da ya haɗa su kuwa wata mu'amala ce mai ƙa'idodi, wadda Shari'a ta shata wa iyaka, al'ada ta cike mata gurbi, amana kuma ta riƙe ta har ta kawo zamaninmu.

Dalilin haka ba ya ɓuya ga wanda ya taɓa riƙon doki. Jaki yana kiwon kansa a bayan gari, ya kuma ɗauko wa mai shi itace da taki. Doki kuwa a turke yake kwana, a turke yake wuni, sai an yanko masa ciyawa da damina, an tanadar masa harawa da rani, an auna masa dawa safe da maraice, an jiƙa masa dusa, an ba shi kanwa a kan kari, sa'an nan a samo yaron da ba shi da wani aiki sai sharar barga da kai shi gulbi wanka. Ga kuma tsadar saye, domin dawaki na ƙwarai daga Azbin da Barno ake kawo su, har Hasan al-Wazzan, matafiyin nan na ƙarni na 16, ya ba da labarin cewa a Barno akan ba da bayi 15 ko 20 a kan doki ɗaya. Saboda haka sai ya kasance mai dukiyar saye ba kullum ne yake da ƙuruciyar hawa ba, mai ƙuruciyar hawa kuma ba shi da dukiyar saye, kowannensu yana bukatar ɗan'uwansa.

Jihadi ya ƙara wa wannan bukata ƙarfi. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi shekaru yana wa'azi a ƙasar Zamfara, ya zauna a Faru da ke yankin Maradun, amma da aka zo yaƙin Tafkin Kwatto a 1804, jama'arsa ba su da dawakin da suka wuce kamar 20, alhali Sarkin Gobir Yunfa ya zo da 'yan lifida da barade masu yawa. Allah ya ba su nasara da baka da kibiya, sai dai shugabanninsu sun gane cewa daular da aka kafa da ƙafa ba za ta tsaru ba sai da doki. Bayan faɗuwar Alƙalawa, babban birnin Gobir, a 1808, musamman a zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, daga 1817 zuwa 1837, aka dukufa ga gina ribaɗi a kan iyakoki, aka kwaɗaitar da makiyaya su zauna wuri ɗaya su kiwata dawaki, garuruwa irin su Bakura da Maradun suka zama masu tsaron wannan sashe. Har zuwa farkon sarautar Sarkin Musulmi Abdurrahman, wanda ya hau a 1891, lokacin da Mafara ta yi tawaye aka kai mata yaƙi, da yawan dawaki ake auna ƙarfin kowane gari.

A cikin wannan hali ne aka sami hanya ta farko ta hawan dokin wani, wadda ita ce ta fada. Sarki ko hakimi yakan sayi dawaki ya rarraba wa barorinsa da bayinsa, tare da sirdi da linzami da likkafa, wani lokaci har da lifidi da kwalkwali, Shamaki yana lura da lafiyarsu. A baki akan ce an ba wane doki, ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ba manzo tukuici, amma kowa ya san idan bara ya sauya ubangida, doki ba ya binsa. Abin da mahayi ke biya shi ne amsa kira ran da aka buga tambari. A mazhabar Imamu Malik, bayan an fitar da humusi daga ganima, dakare rabo ɗaya yake samu, mai doki kuwa uku, ɗaya nasa, biyu na dokinsa. Don haka fuƙaha'u suka yi dogon bahasi a kan wanda ya cancanci rabon dokin aro da na haya, al'adar fada kuma ta yanke nata hukunci, cewa bara ba ya shiga gida da abin da ya samo sai ya fara kai shi gaban ubangidansa.

Hanya ta biyu ita ce kiwo, wadda ta fi shafar talakawa. Attajirin gari, wanda hatsi ya yi masa tsada, yakan ɗauki goɗiya ko duƙushi ya kai wa manomin da ke bakin fadama, inda ciyawa ba ta yankewa. Manomi ya ciyar, ya hau zuwa kasuwa da gidan suna da gaisuwar mutuwa, idan goɗiya ta haihu ko an sayar da duƙushi a ba shi nasa rabo gwargwadon yadda suka shirya. Ko ingarman da ake kai wa goɗiya don barbara malamai ba su bar shi ba hukunci: sun halatta a biya lada a kan kwanaki sanannu ko hawa sananne, sun hana a sharɗanta sai ta ɗauki ciki, domin wannan garari ne, ba wanda ya san shi sai Allah.

Hanya ta uku ita ce haya tsantsa, wadda littattafan fiƙihu ke kira kira'i, kuma a nan ne ake ganin zurfin tunanin magabata. Duk almajirin da ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid ko Muhtasar na Shaihu Halil a zauren malaminsa ya san cewa haya ba ta inganta sai an ambaci lada, an kuma ambaci ko dai muddar kwanaki ko garin da za a. An halatta a sharɗanta wa mai haya ciyar da dabba. Idan doki ayyananne aka ɗauka ya mutu a hanya, haya ta warware a kan abin da ya saura. Idan kuwa lamunin kai mutum wani gari aka yi, wajibi ne mai dawaki ya kawo wani. Mai haya amintacce ne, ba ya ramuwa idan ajali ya zo wa dabba ba da sakacinsa ba. Amma idan ya yi ta'addi, kamar ya ɗauki doki zuwa Bakura ya zarce da shi Sakkwato har ya halaka, to mai doki yana da zaɓi tsakanin ladan ƙarin tafiya da ƙimar dokinsa. Haka nan an ɓata yarjejeniyar da mutum zai ce wa wani ya yi aiki da dabbarsa su raba duk abin da aka samu, saboda jahiltar lada, an kuma hana mai bin bashin rance ya riƙa hawan dokin da aka jinginar masa, domin rancen da ya jawo amfani riba ne.

A kasuwar Talata, inda mutanen ƙauyuka ke haɗuwa kowane mako, waɗannan hukunce-hukunce sukan sauko daga takarda su zama magana. Saurayi ya zo da kawunsa ko wani dattijon unguwa wanda zai tsaya masa, dillali ya kai su gindin turke, mai doki ya buɗe bakin dabba ya nuna haƙora, ya ɗaga kofato ɗaya bayan ɗaya, ya shafa gadon baya da tafin hannu don kowa ya shaida ba miki.

"Baba, zuwa Maradun ne, ɗaurin aure, kwana biyu in Allah ya yarda."

"To, yaro, ka gan shi, ba ɗingishi, ba gyambo. Ban da sukuwa, ban da goyo, kada ka ba shi ruwa yana gumi. Malam, kai ne shaida."

"Na ji, Alhaji, na ɗauka. In wani abu ya faru, ni za ka nema."

Sai a ba da kafin alƙalami, dillali ya karɓi la'adarsa, a shafa Fatiha. Ran dawowa kuwa mahayi mai mutunci ba ya shigo gari a guje. Yakan sauka tun daga nesa, ya sassauta majayi, ya jawo doki a hankali har guminsa ya bushe, ya zo da damin harawa a matsayin godiya, domin ya san yadda ya mayar da wannan shi zai sa a ba shi wani.

Darajar wannan tsari tana ƙara fitowa idan aka tuna abin da ya zo ya gyara. A cikin Kitabul Farƙi, Shehu ya lissafa zaluncin sarakunan zamaninsa, har da kamuwa, watau kama dabbobin talakawa ba da izninsu ba don ɗaukar kayan sarki. Bambancin kamuwa da haya shi ne yarda da lada, kuma duk lokacin da mulki ya karkace, wannan bambanci shi ne yake fara dushewa. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903, yaƙi ya ƙare, doki ya koma na rangadin hakimai da malaman haraji da masu bin jangali, talakan ƙauye kuma ya san nauyin ciyar da dawakin baƙi waɗanda bai gayyato ba. Da jirgin ƙasa ya isa Ƙauran Namoda a 1929, motoci suka kama hanyar Gusau zuwa Sakkwato, keke ya shigo, sai doki ya fara janyewa daga tafiya ya tsaya ga ado da sukuwa da hawan sarakuna, irin hawan da Alhaji Musa Ɗanƙwairo, mutumin ƙasar Bakura kuma makaɗin Sarkin Ƙayan Maradun, ya rayu a cikinsa yana waƙa.

Madatsar ruwa ta Bakolori, wadda aka gama a 1978, ta sauya fuskar fadamun yankin, wasu ruwa ya cinye, wasu aka mayar filayen noman rani, wuraren kiwo suka ƙuntata. Kabu-kabu ya karɓe ɗan abin da ya rage na sufuri, rashin tsaron shekarun nan kuma ya sa kai dabba kiwo ƙauye ya zama kasada. Duk da haka hayar doki ba ta mutu ba: idan Salla ta gabato, ko za a yi hawan angwanci, ko naɗin sarauta, samari na neman dawaki da kayansu, jalala da alkyabba da rawani, su biya na wuni ɗaya ko biyu.

Masu iya magana sun ce kayan aro ba ya rufe katara, kuma gaskiya ne ga wanda ya hau don ya ruɗi mutane. Amma tarihin ƙasar nan ya nuna cewa ta hanyar aro da kiwo da haya ne ɗan talaka ya koyi riƙon linzami, ya kuma koyi riƙon amana, wanda ya fi wancan wuya. Abin da ke damuna a yau shi ne ganin doki ya dawo daga hawa bakinsa na jini, cikinsa duk sawun ƙaimi, mai shi da mahayi suna cacar baki, domin tun farko ba a ambaci iyaka ba, ba a kafa shaida ba, ba wanda ya tsaya wa wani. Maganin wannan yana nan cikin littattafan da ake karantawa a zaurukan Mafara da Bakura da Maradun har gobe. Ya kamata sarakunanmu da malamanmu da masu barga su mayar da shi aiki: a faɗi lada, a faɗi mudda, a faɗi mai ciyarwa, a duba dabba gaban shaidu ran fita da ran dawowa, a kuma tuna wa yara cewa dabbar da ba ta iya kai ƙara gaban alƙali tana da haƙƙin da za a tambaye su ranar hisabi. Allah ya sa mu fita haƙƙin abin da aka ba mu amana, amin.