3.2 Sauƙin Tsara Wasa a Gasar Saturn, PlayStation da Nintendo 64

A ƙarshen shekarar 1994 ne kamfanonin Sega da Sony suka fito da na'urorinsu na wasan bidiyo a ƙasar Japan, wato Saturn a watan Nuwamba, PlayStation kuma a Disamba. Idan kayan ciki kawai aka duba, ba za a ce Saturn ta gaza ba, domin tana da manyan ƙwaƙwalwa biyu ƙirar Hitachi, ga kuma wasu biyu masu kula da hoto. To amma a nan gizo ke saƙa. Kafin mai tsara wasa ya ci moriyar wannan ƙarfi, sai ya raba wa ƙwaƙwalwar biyu aiki ta yadda ɗaya ba za ta tsaya jiran ɗaya ba, alhali hanya guda suke bi zuwa ma'adanar bayanai. Da yawa sukan haƙura su yi amfani da ɗaya kawai. Bugu da ƙari, Saturn da siffofi masu kusurwa huɗu take gina hoto, PlayStation kuwa da alwatika, saboda haka mayar da wasa daga wannan zuwa waccan ba ƙaramin aiki ba ne.

Ita PlayStation babbar ƙwaƙwalwa ɗaya gare ta, kuma tun farko Sony ya tanadar wa masu tsara wasa kayan aiki a harshen kwamfuta na C.

Matsalar Nintendo 64 ta 1996 daban ce. Kaset take amfani da shi, mafi girmansa megabait 64, alhali faifan CD na ɗaukar kimanin 650, ga arhar bugawa. Wannan ya sa kamfanin Square ya kai Final Fantasy VII kan PlayStation a 1997, cikin faifai uku.

A ƙarshe an sayar da PlayStation fiye da miliyan 100, Nintendo 64 kimanin miliyan 33, Saturn kuwa ba ta kai miliyan 10 ba. Ba a musun tasirin farashi, domin a Amurka a 1995 Saturn dala 399 ce, PlayStation 299. Sai dai a ganin mai wannan nazari, sauƙin aiki ya fi nauyi, tunda mai saye yawan wasanni yake bi. Abin mamaki, Sony da kansa ya faɗa irin ramin Sega a 2006 da ƙwaƙwalwar Cell ta PlayStation 3, wadda ta wahalar da masu tsara wasa, sai a 2013 ya koma irin ƙwaƙwalwar kwamfutar tebur a PlayStation 4.