Karen Quinlan da Na'urar da Aka Cire

A tsakiyar watan Afrilun 1975 aka garzaya da wata budurwa 'yar shekara 21, Karen Ann Quinlan, zuwa asibiti a jihar New Jersey ta Amurka. Numfashinta ya ɗauke na tsawon lokaci bayan ta dawo daga wani biki, kuma rashin iska ya yi wa ƙwaƙwalwarta illar da ba ta gyaruwa. Aka jona ta da na'urar taimaka wa numfashi, aka sa mata robar abinci ta hanci. Watanni suka shuɗe ba ta farfaɗo ba. Idanunta kan buɗe, jikinta kan motsa, amma ba ta san wanda ke kanta ba.

Shekara 30 kafin wannan, da irin wannan mara lafiya ta cika a daren. A 1952, lokacin annobar shan inna a Copenhagen, babban birnin Danmak, likita Bjørn Ibsen ya nuna cewa za a iya riƙe ran mutum ta hanyar tura masa iska cikin huhu. Daga nan ɗakunan kulawa ta musamman suka samo asali. Dabarar ta ceci rayuka masu yawa, ta kuma haifar da tambayar da magabata ba su san ta ba: idan na'ura ce ke riƙe da numfashi, wanda ya kashe ta ya yi kisan kai?

Iyayen Karen, Joseph da Julia, mabiya ɗariƙar Katolika ne masu riƙo da addini. Sai da suka tuntuɓi limamin cocinsu kafin su nemi a cire na'urar. Sun dogara da jawabin da Fafaroma Pius na 12 ya yi wa likitoci a 1957, inda ya bayyana cewa ba dole ba ne a ci gaba da matakan jinya na wuce ƙima idan babu fatan warkewa. Likitocin suka ƙi, don gudun tuhumar kisa. Mahaifin ya kai ƙara, amma a Nuwamban 1975 alƙali Robert Muir ya yi watsi da buƙatarsa.

Ranar 31 ga Maris, 1976, Kotun Ƙolin New Jersey ta soke wannan hukunci, ba tare da ko alƙali ɗaya ya saɓa ba. Hujjarta ita ce: hukuma na da hurumin kare rai, amma wannan hurumi yana raguwa gwargwadon yadda jinya ke ƙara shiga jikin mutum, fatan warkewa kuma ke dusashewa. Da Karen na cikin hayyacinta, tana da ikon cewa ta gaji. Tunda ba ta iya magana, mahaifinta zai tsaya a madadinta, muddin likitoci da kwamitin ɗa'a na asibiti sun tabbatar babu alamar za ta farfaɗo.

Abin da ya biyo baya ya ba kowa mamaki. Likitoci suka yaye ta daga na'urar sannu a hankali, sai ga shi tana numfashi da kanta. Ta ƙara shekara 9 a gidan jinya, har ciwon huhu ya yi ajalinta ranar 11 ga Yuni, 1985. Tsawon wannan lokaci iyayenta ba su nemi a cire robar abinci ba. A wurinsu, janye na'urar da ke wahalar da 'yarsu daban, hana ta abinci daban.

Waɗannan shekaru 9 su ne darasin. Da allurar kisa aka yi wa Karen, da ta mutu nan take, kuma allurar ce sanadi. Da aka janye na'ura, an mayar da al'amarin hannun cutar da ajali, ajalin kuwa bai zo ba sai bayan shekaru. Masu goyon bayan kisan jinƙai sukan ce bambancin na baka ne kawai, tunda niyya ɗaya ce, sakamako ɗaya. A kan wannan tunani Holan da Beljiyam suka halatta shi a 2002, Kanada ta bi sahu a 2016. Amma rayuwar Karen ta nuna sakamakon ba lallai ya zama ɗaya ba, kuma yawancin ƙasashen duniya har yau a kan wannan iyaka suke tsaye.

Malaman Musulunci ma sun fuskanci tambayar na'ura. A zamanta na Amman a 1986, Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta halatta cire na'urori daga wanda ƙwararrun likitoci suka tabbatar dukkan ayyukan ƙwaƙwalwarsa sun tsaya, tsayawar da babu dawowa. Sai dai Karen ba ta kai wannan matsayi ba, don ɓangaren da ke kula da numfashinta na aiki, shi ya sa halinta ya fi wuyar hukunci. A Najeriya kuwa, sashe na 33 na Tsarin Mulki ya kare haƙƙin rayuwa, kisan jinƙai laifi ne, amma a shari'ar Okonkwo ta 2001 Kotun Ƙoli ta tabbatar cewa baligi mai hankali na da ikon ƙin karɓar magani.

A asibitocinmu, sau da yawa aljihu ne ke yanke wannan hukunci tun kafin alƙali ko malami ya ji labari. Iyali su sayar da gona, kuɗi su ƙare, a sa hannu a tafi da mara lafiya gida, sannan a shekara ana tuhumar kai. Quinlan da matarsa sun sami abin da yawancinmu ba mu samu: likita da ya faɗa musu gaskiyar halin 'yarsu, malami da ya zauna da su, da doka da ta fayyace iyakarsu. A 1980 suka buɗe gidan kula da masu jinyar ajali da sunan Karen, tana raye a lokacin.