Masu Sauraron Dogo

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, amma sai a 1930 aka kammala reshen da ya nufi Nguru. Gyaɗa ce ta ja shi: ya bi ta Jogana da Zakirai, inda gona ke dafe da gona, ya wuce Ringim da Malam Madori. Labarin dalar gyaɗa kowa ya sha jin sa. Ni na waɗanda suka yi ta kula da ƙarfen ya fi tsaya mini a rai, domin ƙanen kakana yana cikinsu.

Kowane rukunin leburori yana da yankinsa, da helma a kansu. Tun da sassafe mutum zai saɓa guduma ya bi dogo da ƙafa, yana bugawa yana kasa kunne. Ƙarfe mai lafiya yakan amsa da ƙara mai tsawo. Inda noti ya kwance ko ƙarfe ya tsage, sai amon ya fito a dakushe. Baba, kamar yadda muke kiran ƙanen kakan nawa, ya ce bazara da damina kowace da nata ciwon. Zafin bazara yana miƙa ƙarfe, shi ya sa ake barin 'yar tazara a mahaɗa, in ta toshe dogo ya lanƙwashe. A Agusta kuwa ruwa ke zaizaye ƙasa a bakin kwalbati ya bar ƙarfe a rataye, kuma sau da yawa manomin da gonarsa ke gefen layi shi ke fara kawo labari. Wannan sani a ƙafa da kunne yake zaune, kuma yana bin masu shi kabari.

A Amurka tun 1928 kamfanin Sperry ya fito da tarago mai gano tsagar da ke ɓoye cikin ƙarfe. Yau ana liƙa wa jirgin fasinja 'yan na'urori masu auna girgiza, kwamfuta ta nuna inda dogo ya fara lotsawa. Masu bincike a Pittsburgh sun tara irin waɗannan bayanai, suka sake su a fili don kowa ya yi nazari.

A Fabrairun 2021 aka ƙaddamar da aikin layin Kano zuwa Maraɗi, mai bi ta Dambatta da Kazaure da Daura. Ina so a riƙa auna shi tun daga ranar farko, a kuma buɗe bayanan ga ɗaliban Jami'ar Bayero da na jami'ar sufuri ta Daura, kada a kulle su a ofis. Kafin nan, ya kamata wani ya ɗauki littafi ya zaga garuruwan tsohon layi, ya tambayi sauran tsofaffin 'yan reluwe wuraren da ruwa ya saba yankewa, da yadda suke gane alamarsa tun bai yi ɓarna ba.