Shekarun Kwalekwalen Dufuna

Cikin shekara ta 1987 wani Bafillace makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, kusa da kogin Komadugu Gana, sai ya ci karo da wani baƙin itace. Ashe kwalekwale ne, tsawonsa ya haura ƙafa 27. A 1994 masana daga Jami'ar Maiduguri da ta Farankfot suka tone shi. Babu rubutu a jikinsa, babu kuma dattijon da ya gaji labarinsa.

Dabarar da aka nemi shekarunsa da ita, Willard Libby na Jami'ar Shikago ne ya fito da ita a 1949. Kowane itace, muddin yana raye, yana shan wani sinadari daga iska, wanda a ke kira kabon 14. Ran da ya mutu shan ya tsaya, abin da ke jikinsa ya shiga raguwa: rabi cikin shekara 5,730, rabin sauran cikin wasu 5,730. Na Dufuna kamar biyu cikin biyar ya rage.

Aka kai guntayen itacen ɗakunan awo biyu a Jamus. Ɗaya ya ce shekara 7,264, da ƙari ko ragin 55. Ɗayan ya ce 7,670, da ƙari ko ragin 110. Daga 1950 a ke ƙidaya su baya.

To, wannan ƙari ko ragi shi ne mutane su ke yawan zubarwa, alhali kuwa shi ne rabin shaidar. Ma'anarsa, in an yi ta maimaita awon, kamar sau biyu cikin uku ne amsa za ta faɗa tsakanin iyakokin nan. Ga shi kuma shaidun biyu ba su haɗu ba, gama iyakar na farko 7,319, mafarin na biyu 7,560. Alƙali ba ya korar shaidu don sun saɓa a kan sa'a, in sun daidaita a kan rana. Banda wannan, awon mutuwar itace ya ke nunawa, ba ranar sassaƙa ba, zuciyar babban itace kuwa ta girmi bayansa da shekaru masu yawa.

Sa'an nan kabon 14 na iska bai tsaya daidai a kowane zamani ba, don haka a kan gyara lissafin da zoben itatuwan da aka san shekarunsu. Da aka gyara na Dufuna, sai ya koma shekara 8,000 zuwa 8,500, watau shi ne kwalekwale mafi tsufa da aka samu a Afirka.