Kitsen Rogo a Ƙofar Abuja

Tun kafin Nyanya ta cika ta batse, marubutan Hausa sun riga sun rubuta labarinmu. A ƙarshen shekarun 1970 kamfanin NNPC na Zariya ya buga littafin Abdulƙadir Ɗangambo, Kitsen Rogo. Labarin saurayi ne da ya bar ƙauye ya nufi birni neman arziki, sai ya faɗa hannun miyagun abokai. Sunan littafin kaɗai ya isa wa'azi, don kuwa wanda ya ɓare rogo ya ga farin nan ya ɗauka kitse ne, sai ya kai baki zai gane.

A daidai wannan zamani ne aka fara haƙa harsashin Abuja. Ranar 3 ga Fabrairu, 1976, gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta kafa dokar sabon babban birni. Nyanya ƙasar Gbagyi ce tun asali, a nan kuma aka gina wa ma'aikatan ginin birnin masauki. Iyayenmu suka biyo, daga Kano, Katsina, Sakkwato, Zariya, har da Maraɗi: birkila, kafinta, mai shayi, mahauci, ɗan garuwa. Da gwamnati ta taso daga Legas ranar 12 ga Disamba, 1991, sai jama'a ta ƙaru. Rusau ɗin da aka yi tsakanin 2003 da 2007 ya sake turo wasu nan da Karu da Mararaba. Mun gina Maitama da Asokoro, amma fa kwana a Nyanya muke yi. Yau jikokin waɗancan leburori ne ke tsaye a bakin titi tun asuba suna jiran motar shiga gari.

To, Ɗangambo ya nuna abin da birni ke yi wa saurayi a waje. Abin da ke faruwa cikin gida kuwa, Balaraba Ramat Yakubu ce ta yaye masa labule, ita ce kuma ƙanwar Murtalan nan da ya kafa Abuja. A 1990 ta fitar da Alhaki Kuykuyo Ne. Rabi matar wani ɗan kasuwa ce a Kano, Alhaji Abdu, 'ya'yansu tara, ga ƙarancin cefane. Ya ƙaro aure, rikici ya ɓarke, ya sake ta, ya kore ta da yaran. Da sayar da abinci ta riƙe su. Da kasuwa ta yi gobara dukiyarsa ta ƙone, amarya ta watse, sai ga manya sun taru a kan Rabi ta yi haƙuri ta koma. Littafin ya yi nisan da a 2012 aka buga fassararsa ta Turanci a Indiya, aikin Aliyu Kamal.

Ku lura da abu guda. Alhaji Abdu ba matalauci ba ne lokacin da gidansa ke kwana da yunwa. Yana da shi, hanawa ya yi. Mu kuwa mun saba, da zarar an ji kukan mace ta bayan bango, sai a ce ai talauci ne, ai babu ce ta kawo. Talauci na ƙara zafin zuciya, gaskiya ne, amma maƙwabcin da ya fi shi babu bai taɓa ɗaga wa matarsa hannu ba.

A can gida, in aka kori mace, akwai kawu, akwai gwaggo, akwai gidan ubanta a bayan layi. A nan gidan haya ne, ɗaki na kallon ɗaki, kowa ya ji ya ja ƙofarsa, iyayenta kuma sai an yi tafiyar yini guda a mota. Tun 2015 akwai dokar tarayya da ke aiki a Abuja, wadda ta haramta dukan mata, da korar abokin aure daga gida da ƙarfi, da barin iyali babu ci babu sha. Amma doka ba ta jin kuka da tsakar dare, maƙwabci ne ke ji. Tunda mun baro dangi a nesa, liman da mai unguwa da mu da ke ɗakin kusa, mu ne kawunnan Rabin da ke layinmu. In mun ji, mu ƙwanƙwasa ƙofa, mu kuma tambayi wanda ya yi laifin kafin mu ce wa wadda aka zalunta ta yi haƙuri.