Yadda Aka Gano Cewa Jikin Bishiya Daga Iska Yake

Ƙarni bayan ƙarni masana ba su ga abin tambaya a kan abincin tsiro ba. Saiwa tana cikin ƙasa, saboda haka ƙasa take ci. Haka aka gada daga Aristotle na Girka, haka aka yi ta karantarwa a makarantun Turai, kuma duk manomin da ya ga yadda taki yake tayar da gona ba zai ga laifin maganar ba. Sai a farkon ƙarni na 17 wani likita a ƙasar da yau ake kira Beljiyam, Jan Baptist van Helmont, ya ɗora maganar a kan sikeli.

Ya busar da ƙasa a tanda don kada nauyin ruwa ya ruɗe shi, ya auna laba 200, kimanin kilo 90 ke nan, ya zuba a babbar tukunya. Ya dasa reshen wilo, wata bishiyar bakin rafi, mai nauyin laba 5. Bakin tukunyar kuma ya rufe shi da faifan ƙarfe mai huji-huji don kada ƙura ta ƙara wa ƙasar nauyi. Ruwa kaɗai yake ba ta, har shekara 5. Da ya tumɓuke bishiyar ya auna, sai ga ta laba 169 da ɗoriya, kusan kilo 77. Ya sake busar da ƙasar ya auna. Abin da ya ragu a cikinta oza 2 ne kacal, wajen giram 57.

Van Helmont ya yanke hukunci cewa daga ruwa itacen da ɓawon da saiwar suka samu. Ɗansa ne ya buga rubuce-rubucensa a 1648, shekara 4 bayan rasuwarsa. Rabin gaskiya ya kama, amma abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne sauran rabin ma yana hannunsa. Shi ne mutumin da ya ƙona gawayi laba 62, ya samu toka laba 1, ya ce sauran 61 sun tashi sun zama wata iska da ido ba ya gani. Ya ga itace yana komawa iska, bai kawo a ransa cewa iska tana iya komawa itace ba. Shekara 150 aka ƙara kafin a ɗaure bakin zaren nan biyu.

A 1727 Stephen Hales na Ingila ya yi zargin cewa ganye yana ɗibar wani abu daga iska, amma ba a san iska kala-kala ba ce, balle a ce wacce. Sai a shekarun 1750 Joseph Black na Sikotlan ya ware iskar da yau muke kira kabon dayoksaid, wadda take fita daga wuta da numfashi da abin da ke tsami.

Joseph Priestley limamin coci ne a garin Leeds, gidansa kuma yana maƙwabtaka da inda ake dafa giya, a nan ya fara wasa da iskar da take taruwa a saman tukwanen. Ya san cewa idan aka kife kyandir da gilashi zai mutu, ɓera ma haka. Ranar 17 ga Agusta 1771 ya sa reshen na'ana'a a cikin iskar da kyandir ya riga ya mutu a cikinta. Ranar 27 ga watan ya kunna wani kyandir a ciki, ya ci da kyau. Tsiro ya gyara abin da wuta ta ɓata. An ba shi lambar yabo ta Copley a 1773, amma farin cikin bai daɗe ba. Carl Scheele na Suwidin ya gwada ya ce shi ɓata iska ya ga tsiro yana yi, kuma Priestley da kansa, da ya maimaita gwajin bayan 'yan shekaru, wani lokaci ya ci, wani lokaci ya ƙi.

Wanda ya warware ruɗanin likita ne ɗan Holan, Jan Ingenhousz. Sunansa ya fito ne ta wata hanya dabam: a 1768 an kira shi fadar Ostiriya ya yi wa 'ya'yan sarauniya Maria Theresa lambar agana, cutar da ta riga ta yi ɓarna a gidan. Aikin ya yi kyau, aka yanka masa albashi na tsawon rai, wannan ne ya ba shi sukunin bincike. A bazarar 1779 ya keɓe a wani gida a wajen Landan, ya yi gwaji sama da 500 cikin 'yan watanni. Hanyarsa mai sauƙi ce. Ya nutsa ganye a ruwa cikin gilashi, ya kai rana, sai ƙananan kumfa su fara tsattsafowa daga bayan ganyen suna hawa sama. Ya mayar inuwa, su tsaya. Ya tara iskar kumfan, ya ga wuta tana ci a cikinta fiye da yadda take ci a iskar waje. Ya tabbatar haske ne sirrin, zafi kaɗai ba ya yi. Ya kuma gano kore ne kawai yake wannan aiki. Saiwa da fure da 'ya'ya ɓata iska suke yi dare da rana, ganyen ma idan duhu ya yi haka yake. Priestley bai lura da inda taga take ba, shi ke nan abin da ya hana gwajinsa tsayawa.

Daga nan abubuwa suka yi sauri. Jean Senebier, wani fasto a Janeba, ya nuna a 1782 cewa idan babu kabon dayoksaid ganye ba ya fitar da komai ko da rana ta take. A Faransa kuma Antoine Lavoisier, wanda ya raɗa wa oksijin suna, yana bin ɗaya ɓangaren, wato numfashi. Shi da abokin aikinsa Laplace sun sa ɓeran Masar a cikin wani akwati da aka zagaye da ƙanƙara, suka auna ruwan da ɗumin jikinsa ya narkar, suka kwatanta da na gawayin da aka ƙona har ya fitar da iska daidai da wadda dabbar ta fitar. Lissafin ya zo kusa da juna. Numfashi ƙuna ne, sai dai a hankali, ba harshen wuta. An fille wa Lavoisier kai a 1794 lokacin juyin juya halin Faransa, saboda aikinsa na karɓar haraji.

A 1804 Nicolas-Théodore de Saussure ya rufe lissafin da van Helmont ya buɗe. Ya shuka tsirrai a rufaffen gilashi, ya auna iskar da ta shiga da wadda ta fita da nauyin da tsiron ya ƙara. Kabon daga iska yake zuwa, ruwa yana shiga ginin jikin, ƙasa kuma tana ba da ɗan abin da ba a iya yi sai da shi. Kusan rabin nauyin busasshen itace kabon ne, kuma duk ta ƙananan ƙofofin ganye ya shiga. Oza 2 ɗin nan da van Helmont ya raina, su ne gurbin da taki yake cikewa. Manomi bai yi kuskure ba da ya ga amfanin taki, adadin ne bai kai yadda aka zata ba.

Ƙarni na 19 ya cike giɓi. Masu haɗa magani biyu a Faransa, Pelletier da Caventou, sun ware koren sinadarin ganye, kulorofil, a 1817. Su ne kuma suka fitar da kwinin na zazzaɓin cizon sauro a 1820. Robert Mayer na Jamus ya faɗa a 1845 cewa tsiro yana kama ƙarfin rana ne ya adana shi. Julius Sachs ya nuna a shekarun 1860 inda ajiyar take, da gwajin da har yau ɗaliban sakandare suke yi: a rufe rabin ganye, a bar rabi a rana, a tafasa shi, a wanke korensa da sifirit, a ɗiga aidin. Inda rana ta taɓa sai ya yi baƙi-baƙi saboda sitaci, inda aka rufe ya zauna fari.

Wani kuskure ya rage, kuma ya daɗe. Kowa ya ɗauka oksijin ɗin da ganye yake fitarwa daga kabon dayoksaid aka ɓalle shi. A shekarun 1930 Cornelis van Niel, yana nazarin wasu bakteriya da suke amfani da iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai a maimakon ruwa, ya ga farar wuta suke fitarwa. Ya ce to, a tsiro ma ruwa ake tsagawa. A 1941 Sam Ruben da Martin Kamen a jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka tabbatar, ta hanyar ba tsiro ruwa mai oksijin na musamman da ake iya bin sawunsa. Iskar da muke shaƙa daga ruwa ta fito.

Waɗannan samari biyu sun cancanci a tuna da su fiye da yadda ake yi. Suna son bin sawun kabon a cikin ganye, amma nau'in da suke da shi mai fitar da alama rabinsa yana ɓacewa cikin minti 20. Ranar 27 ga Fabrairu 1940 suka gano kabon-14, wanda sai bayan shekara 5,730 rabinsa yake ƙarewa. Makami ya samu, amma ba su more shi ba. Yaƙin duniya ya ja su zuwa wani aikin. Ruben ya rasu a 1943 bayan ya shaƙi iska mai guba a ɗakin gwaji, Kamen kuma aka kore shi a 1944 bisa zargin kai wa Rasha asiri, ya shafe shekaru kafin ya wanke sunansa a kotu.

Melvin Calvin da Andrew Benson da James Bassham ne suka gaji aikin. Sun zuba gansakukar ruwa mai suna Kulorela a wata faffaɗar kwalba, fitila tana haska ta dama da hagu. Sai a tura kabon-14, a ƙirga daƙiƙoƙi, a buɗe famfo gansakukar ta faɗa cikin tafasasshen sifirit ta mutu nan take. A baza ruwanta a takarda sinadaran su rarrabu, a ɗora fim na hoton ƙashi a kai, duk inda sabon kabon ya shiga sai ɗigo baƙi ya bayyana. Bayan rabin minti ɗigogi ne birjik. Da suka rage lokacin zuwa 'yan daƙiƙoƙi, kusan ɗigo ɗaya ya rage, wani sinadari mai kabon 3. A haka, ɗigo bayan ɗigo, suka zana zagayen gaba ɗaya zuwa 1954. Calvin kaɗai aka ba kyautar Nobel a 1961. A ganina an tauye Benson, domin shi ya gano sukari mai kabon 5 da yake karɓar iskar tun farko.

Hanyar dawowa kuwa Hans Krebs ya riga ya zana ta a 1937 a Sheffield, bayan ya gudo daga Jamus ta Hitila. Da naman ƙirjin tantabara ya nuna yadda ƙwayar halitta take farfasa abinci mataki-mataki, ta kwashe ƙarfin, ta saki kabon ya koma iska. Kabon ɗin da mutum yake fitarwa ta hanci yanzu, jiya a tuwo yake, bara kuma yana yawo a saman wata gona.

Charles Keeling ya auna wannan zagaye a girman duniya. A 1958 ya kafa na'ura a kan dutsen Mauna Loa na Hawayi, ya samu kabon dayoksaid kimanin 315 cikin miliyan. Adadin yana kai ƙololuwa a Mayu, ya sauka zuwa Satumba ko Oktoba lokacin da dazuzzukan arewacin duniya suke cike da ganye, sannan ya sake hawa. Amma kowace shekara tana ɗara wadda ta gabata. Kafin zamanin masana'antu wajen 280 ne, yau ya haura 420. Kwal da fetur ajiyar halittu ce ta miliyoyin shekaru, muna mayar da ita sama fiye da yadda ganye da teku za su iya kwashewa.

An ɗauka Calvin ya gama magana, sai rake ya ƙi bin ƙa'ida. Hugo Kortschak da abokan aikinsa a Hawayi sun ga ɗigon farko a ganyen rake mai kabon 4 ne, suka buga a 1965. Yuri Karpilov ya ga haka a masara a Rasha tun 1960. Hal Hatch da Roger Slack a Ostareliya suka fayyace hanyar a 1966. Sinadarin da yake kama kabon a kowane ganye, rubisko, yana da rauni: wani lokaci oksijin yake cafkowa bisa kuskure, kuma kuskuren yana ƙaruwa idan zafi ya tsananta. Wasu tsirrai sun rabu da matsalar ta tsari irin na zaure da ɗakin ciki. Ƙwayoyin waje suna karɓar iskar, su miƙa ta ga wani zoben ƙwayoyi da ya kewaye jijiyar ganye, inda take taruwa da yawa har rubisko ya daina ruɗewa. Irin wannan tsiro ba ya buƙatar buɗe ƙofofin ganyensa sosai, don haka da kusan rabin ruwan da waninsa zai sha yake yin girma ɗaya.

Gero da dawa suna cikinsu, haka masara da acha da gamba. Shinkafa da alkama da wake da gyaɗa ba sa ciki. Wannan ne dalilin da gero yake tsayawa kore a jigawar Damagaram ko Daura a zafin da zai sa wake ya lanƙwashe. Mutanen da suka fara noma gero a Sahel, inda aka samu burbushinsa a kwarin Tilemsi na Mali mai shekara kusan 4,500, sun zaɓi tsiron da ya dace da rana tun ba a san me ke cikin ganye ba. Irin waɗannan tsirrai ba su wuce kashi 3 cikin 100 na nau'o'in tsirrai ba, amma su ke kama kusan rubu'in kabon da ake kamawa a doron ƙasa.

Masana gado sun gano cewa tsarin ya ɓullo sama da sau 60 a dangogin tsirrai dabam-dabam, kuma yawancin ƙwayoyin gadon da yake buƙata suna nan a shinkafa, wani aikin suke yi. A 2008 cibiyar binciken shinkafa ta duniya da ke Filifin ta jagoranci wani shiri na mayar da ganyen shinkafa ya yi aiki irin na masara. An yi nasarar dasa wasu daga cikin sinadaran, amma ginin ganyen ya fi wuya: a masara ƙwayoyi 2 ne tsakanin zobe da zobe, a shinkafa sun ninka haka, kuma har yau wannan shinkafa ba ta kai gona ba.