Wandon jin na maza: tsayin ƙugu da yadda yake canza zaman wando

Wandon jin, wanda wasu ke kira jins, wando ne na yadin auduga mai kauri da ake rinawa da shuni. A kasuwannin Agye, Gazawa da Gidan Rumji ana samunsa sabo ko na gwanjo, mafi yawansa daga Maradi ko daga Katsina da Kano. Masu saye kan duba lambar ƙugu, tsawon ƙafa da launi. Akwai awo na huɗu da ba a cika rubutawa a jikin wandon ba, kuma shi ne ke nuna inda wandon zai zauna a jiki: tsayin ƙugu.

Mene ne tsayin ƙugu

Shi ne tazarar da ke tsakanin hantsar wando, inda ɗinkin ƙafafu biyu ya haɗu, da bakin ƙugu ta gaba. Ta baya tazarar ta fi tsawo, domin ta rufe mazaunai. Kamfanoni sun sha bamban, amma galibi ana raba na maza gida uku. Mai ƙasa, wanda ake kira tay bas da Faransanci, ba ya wuce santimita 23, kuma yana zama a kan kwankwaso. Matsakaici yana tsakanin 23 da 28, ɗan ƙasa da cibiya. Mai sama ya haura 28, yana kaiwa cibiya ko ya rufe ta.

Tarihi a taƙaice

A ranar 20 ga Mayu 1873, ɗan kasuwa Levi Strauss da tela Jacob Davis suka sami takardar mallakar fasahar ƙarfafa aljihun wando da ƙananan ƙusoshi a Amurka. Wandon leburori ne, mai ƙugu sama, ana riƙe shi da igiyar kafaɗa. Sai a 1922 kamfanin Levi's ya sa masa madaukan bel. Ƙugun ya sauka a yayin shekarun 1960 da 1970, ya sake hawa a na 1980, sannan ya faɗi ƙasa sosai a farkon shekarun 2000. Dilar gwanjo kan haɗa kayan zamani daban-daban, shi ya sa ake samun duka ukun a rumfa ɗaya.

Me ya sa lamba ɗaya ba ta isa ba

Harafin W da ke jikin wandon yana nuna faɗin ƙugu da inci, L kuma tsawon ƙafa daga hantsa zuwa ƙasa. Inci ɗaya santimita 2,54 ne, don haka W32 ya kai kusan santimita 81, abin da ya yi daidai da lamba 42 a awon Faransa. Sai dai jikin mutum ba faɗi ɗaya ba ne daga sama zuwa ƙasa. Siririn mutum ya fi faɗi a kwankwaso fiye da cibiya, mai tumbi kuwa akasin haka. Saboda haka wanduna biyu masu lamba 32 za su iya bambanta: ɗaya ya matse, ɗaya ya riƙa zamewa. Dabarar da ake yi a kasuwa ta zagaya ƙugun wando a wuya tana ba da kimanta faɗi kawai, ba ta faɗin komai game da tsayi.

Wane ne ya dace da wane

Zaɓi ya danganta da ra'ayi, amma aiki da siffar jiki suna da tasu magana. Mai ƙasa ya fi karɓuwa wurin samari masu sa gajeren tishat. Matsalarsa tana bayyana idan an zauna ko an sunkuya, domin bayan wandon yana sauka. Ɗan kabu-kabu da ke wuni a kan babur a hanyar da ta ratsa Gidan Rumji, Maradi, Agye da Gazawa, ko makanike, ko mai lodin buhunan gero, zai fi samun sauƙi da matsakaici ko mai sama. Haka ma wurin salla: malamai sun ce al'aurar namiji daga cibiya zuwa gwiwa take, kuma wando mai ƙasa da gajeruwar riga kan buɗe baya a ruku'u da sujada.

Ga mai tumbi, wando mai ƙasa yana shigewa ƙarƙashin ciki, bel ya riƙa cizo. Mai sama yana rungumar cikin, yana kuma sa ƙafa ta yi kamar ta fi tsawo, abin da gajere kan so. Aibinsa shi ne zafi: a watannin Afirilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, yadi mai kauri a kan cibiya yana tara gumi. Dogon mutum mai dogon gangar jiki, idan ya sa mai ƙasa, hantsar takan ja shi.

Abin da tela zai iya da wanda ba zai iya ba

Tela zai rage tsawon ƙafa, zai tsuke ta, zai kuma rage ƙugu da ɗan santimita kaɗan ta ɗinkin baya. Ƙara tsayin ƙugu kuwa ba ya yiwuwa sai da ƙarin yadi da sauya zif, kuma aikin yakan ɓata siffar wandon. Wanda ya sayi wandon da tsayinsa bai yi masa ba, galibi kuɗinsa sun tafi.

Kafin a biya

A auna wandon da ya fi yi wa mutum daɗi a gida, daga hantsa zuwa bakin ƙugu, gaba da baya, a je kasuwa da awon ko da igiya mai ƙulli. In an sami damar gwadawa, a zauna, a durƙusa, a sunkuya. Yatsu biyu su iya shiga tsakanin ƙugu da jiki. A tuna cewa sabon jin na auduga zalla kan ɗan tsuke bayan wankin farko, mai roba a ciki yakan saki idan an daɗe ana sawa, na gwanjo kuwa ya riga ya gama tsukewarsa.